Motar Amiru Ta Kwanta a Gulbi

Masu damuna da saƙo cewa in turo hoton motar Amiru, ku yi haƙuri, in kun kai ƙarshen wannan za ku san dalili. Waɗanda yau suka fara karanta ni kuma, sunana Maijidda, 'yar Sabon Birni, Bagobira gaba da baya. Abin da za ni ba ku ya faru ne a shekarar da damina ta yi mana rowa karo na biyu a jere, shekarar da aka yi shuka rana ta ƙone, aka sake rana ta sake ƙonewa, har mutane suka daina gaisuwa da "ya ruwa?" don babu mai amsar da zai bayar.

Amiru ɗan garin Isa ne, amma Kaduna ta riƙe shi, can yake sayar da kayan gyaran mota. Ba shi da aibun da za a nuna da yatsa. Yana sallah a kan lokaci, ba ya shan ko sigari, in ya yi murmushi har kunnuwansa motsi suke yi. Aibunsa guda ɗaya ne, ƙafa huɗu gare shi.

Bari in yi muku bayani. A ƙasarmu in mutum ya sayi mota, kafin ya kai ta gida a sa albarka sai ya biya wurin makanike an ƙara mata sifirin an ɗaga bayanta, saboda buhunan gero da awaki da dangi. Shi ya sa motar Sabon Birni in babu kaya za ka gan ta gindi a sama kamar kaza tana tsince tsaba. Shi Amiru sai ya yi akasin haka. Ya sayi baƙar Honda lafiyayya, ya cire sifirin da ta zo da su, ya sa wasu gajeru masu zare, irin waɗanda ake murɗawa da wata sifana ta musamman a sauke mota ko a ɗaga ta. Ya murɗe su har ƙarshen zaren. Ya cire ƙafafunta ya sa manyan wili masu ƙyalli, da taya siririya kamar an zizara kwalli. Tsakanin cikin motar da ƙasa, in ka tura faifai zai shige, in ka tura ƙwarya ba za ta shige ba.

Lungunmu akwai wani ɗan tudu a bakinsa, wanda ko amalanke ba ta san da shi ba. Motar Amiru ba ta taɓa hawa shi ba. In ya zo zance, a bakin kwalta yake ajiye ta ya tako da ƙafa. A can Innata ta fara ganin ta, tana dawowa daga gidan suna.

Ta shigo ta ajiye mayafi ta ce, "Maijidda, motar Amiru lahiya take?"

Na ce, "Lahiya lau, Inna."

"To mi yas same ta taz zamna?"

"Ado na, Inna. Haka samarin Kaduna ka yi yanzu."

Ta kwance ɗaurin goro a bakin zane. Can ta ce, "Da kuɗɗinai yab biya anka karya mata ƙahwa?"

Amsar kuwa i ce.

Da abin ya tsaya a dariya da da sauƙi. Amma Inna ba mai dariya ba ce, lissafin mutane take yi. Wata rana maƙwabcinmu ya roƙi Amiru ya ɗaukar masa buhun masara biyu zuwa tasha, Amiru ya ce wallahi motar ba ta ɗaukar nauyi, in an sa buhu taya za ta riƙa gogar jiki. Gaskiya ya faɗa. Sai dai akwai gaskiyar da gara mutum ya haɗiye ta a shekarar yunwa. Kafin la'asar maganar ta iso tsakar gidanmu.

Inna ta zaunar da ni a bakin murhu ta ce, "Ki saurara. Dut wanda yas sauke mota ƙasa cikin shekarag ga ya san abin da shika yi. Ba shi son a ce mishi ɗauki buhu. Ba shi son a ce kai mara lahiya asibiti. Ya yi ma kainai katanga da dangi, yak kira ta ado. Mutumin da motatai ba ta zuwa ƙauyenmu, ran da Kakarki tar rasu a waya za ki yi ta'aziyya."

Maganar nan ta soke ni, don ban da hujjar da za ni kare shi da ita sai cewa ina son sa, wannan kuwa ba hujja ba ce a gaban Inna.

Akwai wani abu kuma da ya fi maganar ciwo, wanda 'yan ƙasarmu kaɗai za su ji zafinsa. Kun san uwa ba ta kama sunan surukinta, ba ta tsayawa gabansa, in ta ji sallamarsa ɗaki take faɗawa. Mijin yayata shekara da shekaru bai san kalar idon Inna ba. Amma Amiru? In ya durƙusa gaishe ta, tsaye take yi ƙiƙam a gabansa, ko mayafi ba ta ja, ta ce, "Amiru, an wuni lahiya? Amiru, ya hanya?" Tana jan sunan kamar tana kiran akuya. Duk wanda ya ji ya san ba ta lissafa shi a komai ba.

Babana, Malam Alhassan, da aka kai masa maganar sai ya zame. Ya ce uba ba ya ba da 'yarsa, wansa ke bayarwa. Wan nasa shi ne Baffa Illo, yana ƙauyenmu na asali, Tungar Labbo, hayin gulbi in ka saki hanyar Tozai. Aka yanke cewa Amiru ya je ya gaida Baffa, abin da Baffa ya faɗa shi ke nan, babu ɗaukaka ƙara. Inna kuwa tuni ta aika wa Baffa da nata bayanin ta bakin mai kai goro.

Lokacin 2go ake yi, dandalin hira ta waya. Ana saura kwana kaɗan na tura masa saƙo.

Ni: Don Allah ka ɗaga motar nan kafin ka zo. Ba ka ce murɗawa ake yi ba?

Shi: Jiddata, so nake danginki su gan ta a yadda take.

Ni: Akwai gulbi a hanya.

Shi: Gulbin da bana bai ga ruwa ba?

Ni: Akwai rairayi.

Shi: Da gudu ake ƙetare rairayi. Kimiyya ce.

Ni: To ko sifanar ka taho da ita.

Ya turo mini fuska mai dariya. Na kashe waya na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ni da Inna muka riga shi tafiya da kwana ɗaya, a bayan a-kori-kura, a kan buhunan dusa. Ban taɓa ganin Tungar Labbo haka ba. Rumbuna a buɗe babu abin rufewa. Garken Baffa da nake tsoron shiga ina ƙarama ya koma shanu 'yan ƙalilan da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Samari duk sun yi kudu neman abin kai wa baki. Ragowar irin gero Baffa ya zuba a tulu ya liƙe bakin da laka ya ajiye ƙarƙashin gadonsa, ya ce ko yara za su kwana da yunwa ba za a fasa ba sai ƙasa ta jiƙa. Garin yana azumi, washegari za a fita roƙon ruwa.

Bayan magariba muna tsakar gida, can kudu mai nisa, wajen ƙasar Zamfara, aka yi ta walƙiya babu ƙara. Baffa ya tsaya da buta a hannu ya daɗe yana kallo. Sannan ya shige.

Da safe matan gari duka suna cikin gulbi. Rijiyoyi sun ƙafe, sai a tsakiyar rairayi ake tona rami, a jira ruwa ya tsattsafo, a kwasa da ƙoƙo. Ni ma na ɗauki tulu na bi su. Na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen tattabaru, na ɗaura kallabi ture-ka-ga-tsiya, na zizara kwalli. A tarihin Tungar Labbo ni ce mace ta farko da ta je ɗiban ruwa da jan-baki.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga ta a hayin can, baƙa wuluk, wili suna walƙiya. Gaskiya ta yi kyau. Na ce ko dai kimiyyar nan gaskiya ce. Ta gangaro gaɓa, aka ji ƙuuu, bambar gaba ta gaida ƙasa. Ya taka mai. Ta taho da gudu tana watsa rairayi, mata suna janye tuluna. Hanyar da a-kori-kura suke bi ta yi rami biyu da tudu a tsakiya, su motocin kaya tudun ba ya kai musu ko'ina. Motar Amiru ta hau tudun nan da ciki a daidai tsakiyar gulbi, ta yi wani nishi, ta zauna. Ƙafafun gaba suka ci gaba da juyawa a banza suna feshin rairayi.

Mata suka zuba mata ido. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ajiye ƙoƙo ta leƙa ƙarƙashi, ta ɗago ta ce, "Ƙwai za ta yi?"

Ƙofa ta buɗe, Amiru ya fito. Farar shadda, babbar riga mai aiki har ciki, hula kube, takalmi sau-ciki, baƙin tabarau, turarensa ya riga shi isowa. Ya gaida mata cikin ladabi kamar dama nan ya yi niyyar tsayawa. Ya tattare riga ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe a can. Da ya ɗago idonmu ya haɗu.

Na ce a hankali, "Sifanar fa?"

Ya ce, "Tana Kaduna."

Ya tambaya ko akwai shebur. Aka miƙa masa ƙoƙo. Haka ɗan Kaduna ya duƙa da babbar riga yana yashe rairayi daga ƙarƙashin mota da ƙoƙon ɗiban ruwa, yana kwasa tana ƙara nitsewa.

Ana cikin haka maza suka fito za su filin idi, hanyarsu ta bakin gaɓa ce. Baffa Illo na gaba, dogo siriri, da tsohuwar riga shuɗiya da carbi. Ya tsaya, aka tsaya. Ya gangaro shi kaɗai ya zagaya motar sau ɗaya, hannu a baya. Amiru ya zube ya kwashi gaisuwa.

Baffa ya ce, "Kai na Amiru?"

"Ni ne, Baffa."

"Wagga ita ta motar?"

"Ita ce, Baffa."

"An ba ni labarinta. Ban yarda ba. Ashe ban yi ma mai goro adalci ba."

Amiru ya share gumi ya ce, "Baffa, da za a taimaka mini da mutum goma, ɗan ɗagawa kawai za a yi, yanzu za ta fita."

Tsohuwar nan ta sa baki, ta ce, "Gara ku ɗauke ta kam. Jiya an kwana walƙiya kudu. In an yi ruwa can, gulbi ba shi sallama."

Amiru ya juya ya kalli kudu.

Baffa ya ce, "Rana ta ɗaga, liman na jira, mutane da azumi a bakinsu. Ba a tsai da roƙon Allah don ƙarhe. In munka ƙare, ko da ka sai mu ɗauke ta." Ya juya zai tafi, ya sake waiwayowa. "Daga ina kat taso?"

"Daga Kaduna, Baffa."

"Ashe matahiyi na. Madalla. In kana zuwa, taho. In kana tsaron mota, ga ƙoƙo nan."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar lokacin ba. Ya kalli motar, ya kalli kudu, ya kalle ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon tuluna, don in na ce tafi na cuce shi, in na ce tsaya na cuci kaina. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya mayar wa tsohuwa ƙoƙonta da hannu biyu. Ya danna makulli, motar ta yi kuk-kuk ta kulle. Har yau ban san wanda yake tsoron ya sace ta ba.

A filin idi, mu mata muka zauna can baya a gindin gawo, wurin da aka ajiye gumbar sadaka. Gawon ma bai zubar da ganyensa ba, shi ma bai yarda damina ta shigo ba. Inna na gefena ta harɗe hannu. Aka yi raka'a biyu, liman ya yi huɗuba a lasifika mai batir, maza suka miƙe suka fuskanci gabas, kowa ya tuɓe rigarsa ya juya ta ciki ya koma waje, kamar yadda ake yi don Allah ya juya halin da ake ciki. Na hango Amiru a sahun gaba kusa da Baffa, farar shaddarsa a juye, zaren bayan aiki duk a waje.

Sai na ga Baffa ya raɗa wa liman magana. Liman ya gyara murya ya ce, "Jama'a, addu'ar matahiyi ba ta hwaɗuwa ƙasa. Allah ya kawo muna baƙo daga nesa. Shi roƙa muna, mu ce amin." Ya miƙa wa Amiru abin magana.

'Yan uwa, ku tsaya ku duba. A duk faɗin ƙasar Gobir ranar nan mutum ɗaya ne tak ruwa zai yi wa ɓarna, shi aka ba lasifika.

Ya yi salati. Ya fara da Hausarsa ta Kaduna, a tsanake, kamar mai cinikin kayan gilashi.

"Ya Allah ka ba mu ruwa mai albarka."

Aka ce amin.

"Ruwa daidai wa daida. Marar ɓarna."

Amin.

"Ka saukar da shi a gonaki. A kan gonaki sosai. Da makiyaya. A hankali, ya Allah, ba da gaggawa ba."

Amin ɗin ta fara sanyi. Inna ta karkato ta ce mini, "Kin jiya? Har Allah shika ba kwatance don kada a taɓa mishi mota."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, Maijidda, ki fara koyon mantuwa.

Amiru ya yi shiru yana neman abin da zai ƙara. A cikin shirun nan lasifika ta ɗauko wani sauti daga gefensa. Baffa Illo ne. Tsohon nan da ko ranar da aka binne babban ɗansa ba a ga hawayensa ba, hannuwansa a sama, yana cewa amin, amin, tun ba a roƙi komai ba, muryarsa a karye kamar ta yaro. Duk filin aka ji. Na hango Amiru ya juya ya kalle shi. Ya daɗe yana kallonsa. Ya cire tabarau ya sa a aljihu.

Da ya sake buɗe baki, babu Kaduna a ciki ko kaɗan, ɗan Isa ne tsantsa.

"Ya Allah, kana ganin motata cikin gulbi. Ka san yadda nike son ta, ba ni iya ɓoye maka. Kada ka dube ta. Dubi tsohon ga. Dubi mutanen ga da dabbobinsu. Ka kawo ruwa, ya Allah, ko ta ina, ko yanzu. In ta gulbi za shi biyo, shi biyo."

Amin ɗin da aka yi, tsuntsaye sai da suka tashi daga kan gawo. Tsofaffi suna kuka, mata suna kuka, ni kwallina ya gama zubowa har haɓa. Na saci kallon Inna. Hannuwanta a buɗe suke, bakinta a rufe, tana kallon ƙasa.

Aka shafa. Baffa bai saɓa alkawari ba, ya ce kowa ya ɗauko igiya da itace a je a ɗauke motar baƙo. Sama fes, ko gajimare ɗaya babu, rana kamar ta fasa kai. Muna tafe ana raha, an kusa gaɓa, sai muka ji ihu daga gaba, matan da suka koma ɗiban ruwa suna haurowa da gudu, wasu da tulu wasu babu.

"Gulbi ya kawo! Gulbi ya kawo!"

Wanda bai taɓa ganin kan gulbi ba ba zai gane ba. Ba da hauka yake zuwa ba. Wani jan ruwa ne mai kumfa, yana tura karare da kashin shanu a gabansa, yana tafiya kamar mai zuwa kasuwa. Ya cike ramukan da muka tona, ya wuce. Ya iso motar ya zagaye ta. Kafin maza su gama gardamar ko a shiga ko kada a shiga, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, bayansa kuma yana tafe da itatuwa. Baffa ya ɗaga sanda ya ce duk wanda ya sa ƙafa bai yafe ba.

Muna tsaye muna kallo ruwa ya shafe wili masu ƙyalli, ya kai ƙofa. Sai motar ta yi wani ɗan motsi. A karo na farko tun da na san ta, motar Amiru ta ɗaga daga ƙasa. Ta juya a hankali ta fuskanci yamma, ƙararrawarta ta ɓarke da kuka, fitilu suna ƙiftawa, ta bi ruwa tana rangaji har ta sha kwanar da ke bayan kukoki. Muka ci gaba da jin kukanta ɗan lokaci, daga nan muka daina.

Mutanen Tungar Labbo suka shiga tsaka mai wuya. Ga ruwa sun gani bayan wata da watanni, shanu sun tsinke igiya sun yi gaɓa, mata na son yin guɗa. Ga kuma baƙo tsaye da makulli a hannu. Sai ka ga mutum ya zo ya kama hannun Amiru ya ce, "Allah shi mai da alheri," haƙoransa duka a waje. Tsohuwar nan ta ce, "Tsuntsun da yaj ja ruwa, shi ruwa ka duka," aka ce ta yi shiru, ta ce ai yabo ne.

Amiru ya matsa bakin gaɓa. Ya ɗaga makullin ya nuna kwanar kukoki ya danna. Ban san me yake jira ya ji ba. Ni dai a nan na san ko da ƙafa zai zo ɗaukata za ni bi shi, kuma na san ba ni ke da ta cewa ba.

Baffa ya zo ya tsaya kusa da shi, su biyu suna kallon ruwa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, wadda har yanzu babu ɗigo a cikinta, ya dubi gonakin hayi da ke nan a ƙone yadda suke.

Ya ce, "Yaron ga, addu'atai na ci. Kwatance na bai iya ba. Gulbi yan nuna, gulbi anka kawo mishi." Ya dafa kafaɗarsa. "Yau ba ka komawa ko kana so, ruwa ya raba. Gobe da sahe in kai ka gonata ka gan ta da idonka, don ka san inda za ka nuna."

Amiru ya ce, "To, Baffa."

"Maganar da tak kawo ka kuma, na jiya. Ɗiya tawa ta, ni ka bayarwa. Amma ba ni nig goya ta ba. Uwatta ta kawo ƙara, kuma ƙararta da gaskiya ciki. In ta sauka, na sauka. In ba ta sauka ba, ka yi hasarar mota, ka yi hasarar hanya."

Ina bayansu na ji komai. Na waiga neman Inna, ashe tun ruwa bai kai ƙofar motar ba ta koma gida.

Na same ta a tsakar gida ta baje tabarma tana tankaɗen garin tuwo, fuskar nan kamar kullum, ba a karanta komai. Na ajiye tulu na zauna a bakin ƙofar ɗakin Kakata. Wayata ta yi ƙara a cikin zane.

Shi: Baffa ya ce in shigo in gaida Kaka. Inna na ciki?

Ni: Tana nan.

Shi: Me ta ce?

Ni: Tankaɗe take yi.

Shi: Jiddata, ba ni da sauran abin da za ni nuna mata.

Ina riƙe da wayar muka ji gyaran muryar Baffa a zaure, sai sallamar Amiru a bayansa, a dishe.

Inna ta saki rariya. Matar nan da ke cewa gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, ban san lokacin da ta miƙe ba. Ta fizgi mayafi daga kan igiya ta rufa har goshi, ta tsallake ni ta faɗa ɗakin Kaka ta saki asabari. Garin tuwo ya watse a tabarma, takalminta ƙafa ɗaya ya rage a tsakar gida.

Amiru ya shigo, ƙura har gwiwa, babu hula, makulli a hannu, babbar rigar nan har yanzu a juye. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ɗago yana neman wadda za ta tsaya a kansa ta ja sunansa. Babu kowa sai ni da kaji.

Daga bayan asabari muka ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa jin ta yi don shi ba.

"Maijidda. Ki kai ma... ki kai ma baƙon Baffanki ruwa shi wanke ƙahwa. Ki ce mishi an gaishe shi."

Baffa ya yi tari ya juya yana duba katanga. Amiru ya kalli asabarin, ya kalli takalmin nan ƙafa ɗaya da ke kife kusa da rariya. Ina ɗauko buta na ga kunnuwansa sun fara motsi.